Inda Takardun Shef Mati Suka Shiga

Tun ranar da na dawo ba a bar ni na sha shayina cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a fada, majalisarmu ta shan shayi, wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce yaya Najeriya, sai ka ce Makka na je ba Maigatari ba. Tsohon abokina Lawali makaho ne kaɗai ba ya tambaya, shi ya riga ya sani. Na yi ta noƙewa ne don labarin ba shi da daɗi. To ga shi zan faɗe shi sau ɗaya, daga tushe har ƙarshe, wanda ya sake tambayata bayan wannan sai dai ya yi haƙuri.

Yaran yanzu ba su san Shef Mati ba, don haka da shi zan fara. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Bande. Ya shiga soja yana saurayi, aka ga yana da kunne aka sa shi cikin 'yan busa, daga baya aka tura shi ƙasar Turawa ya koyo rubuta kiɗa da karanta shi a takarda. A can ya ga abin da ya tsaya masa a rai: mutum wajen tamanin a zaune, masu goge irin nasu, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganga, ga mutum ɗaya tsaye a gabansu da 'yar siririyar sanda. Ba ya kaɗa komai, ba ya busa komai, amma ba mai motsi sai ya ɗaga hannu. Da ya tuɓe kaki ya dawo Magarya, ya ce shi ma sai ya yi irin wannan, kuma da kayan kiɗanmu. Kafin shi ba wanda ya taɓa gwadawa a yankinmu.

An sha yi masa dariya. Kun san makaɗin Hausa, kowa sarkin kansa ne. Ka ce wa mai algaita ya yi shiru ya jira mai goge ya gama, ai ka zage shi ke nan. Amma da naci da faɗa sai da mutumin nan ya tara mu mu arba'in, 'yan gado da 'yan haye. Lawali ke riƙe da babbar ganga, lokacin idonsa garau. Ni kuwa sabon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, aka ɗora mini wani ƙaton ƙahon tagulla da soja suka yar, muna ce masa Bijimi saboda muryarsa. Aikin mai Bijimi ƙirge ne. Ka zauna ka yi ta ƙirga bugu a zuci, in lokacinka ya zo ka busa sau biyu ko uku, ka koma ƙirge. Ni kuma Allah ya yi ni da wutar ciki, kullum sai na shigo kafin lokaci. Shef ya buga sanda a tebur ya ce, "Gaggawa, wa ya kira ka?" Sunan ya bi ni shekara da shekaru.

Duk abin da muke kaɗawa a rubuce yake da hannunsa, cikin manyan kaye, wato littattafan rubutu, guda bakwai masu baƙin bango. Waƙoƙin daka na matan Bande, kiɗan gayya, kiɗan farauta, duk ya ɗauko ya saƙa su ya raba wa kowa nasa. Wanda ya fi so shi ne wani da ya sa wa suna Saukar Damina. Mu uku kaɗai ya koya wa karatun takardun, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Ƙungiyar ma ta daɗe da watsewa. Ƙahonin suka lalace aka sayar wa 'yan gwangwan, kowa ya kama gabansa, wasu suka ce kiɗa ba kyau suka tuba. Ni ma da na dawo aikin hajji na daina zuwa gaishe shi, don kada a ce Alhaji Usaini har yanzu ɗan busa ne. Shekara ashirin ban taka ƙofarsa ba. Na faɗa muku ne don ku san ba mai tsarki ke ba ku labari ba, kuma ina jin kunyar abin.

Abu biyu suka tayar da ni. Wani malamin kiɗa a Damagaram ya kira ni a waya ya ce in takardun na nan, yana da ɗalibai zai koya musu, amma sai na zauna da shi na warware masa hannun Shef, don tsohon yana da alamominsa na goge da algaita waɗanda ba su cikin littafin kowa. Sannan likitan ido ya duba ni ya ce ciwon nan ba na warkewa ba ne. "Baba, abin da kake son karantawa, ka karanta shi bana." To ko in samo kayen nan bana, ko kiɗan Shef Mati ya bi masu kaɗa shi. Na ji an ce yana wurin ƙanwarsa a wani ƙauye bayan Mallawa. Na sa bakin Bijimi a aljihu, ɗan ƙarfen da ake kafa leɓe a busa, shi kaɗai na ɓoye ranar da aka sayar da ƙahon, na nufi tasha.

An yi ruwa kwana biyu kafin tafiyata. Motar Dungas irin wadda kuka sani ce, mutum kan mutum, buhunan taki a sama, awaki biyu a ƙarƙashin kujera. Kusa da ni wata dattijuwa ce da kwandon daddawa a cinya. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da ƙamshi." Na ce wari dai, Hajiya. Ta ce in ya shiga miyar gidanka ai ba ka ce masa wari.

Mun yi rabin hanya sai muka tarar ruwa ya cinye wani wuri, direba ya ratse ta gefen gona, mota ta kafe a taɓo. Maza suka sauko turi. Kowa na turawa lokacin da ya ga dama, wannan ya danna wancan ya saki, direba na ta masifa ta taga. Abin ya ba ni haushi, na ce, "Ku tsaya, ba haka ake yi ba. Zan ƙirga uku, a kan na ukun kowa ya danna tare." Suka yarda. Na ce ɗaya, na ce biyu, wallahi ban san lokacin da na danna ni kaɗai ba. Santsi ya kwashe ni na zube a taɓo, da farar rigata sabuwar guga. Mai daddawa ta leƙo ta ce, "Malam, ai uku ka ce." Aka yi ta dariya har da direba. Ni ban yi ba, don na san abin da Shef zai ce da yana wurin.

A Dungas na ɗauraye riga, na ci wani ɗanwake mai yaji sai ka ce mun yi faɗa da mai shi. Daga nan kabu-kabu har Mallawa, sannan amalanken shanu zuwa ƙauyen, don hanyar ba ta babur ba ce da damina. Mai amalanken bai ce mini uffan ba duk hanya, da sansa kawai yake hira. Rana ta yi sanyi muka isa.

Ƙanwar Shef, Iya Haule, ta tsufa tukuf. Ta daɗe tana ƙare mini kallo kafin ta ce, "Ba kai ne mai ƙaton ƙahon nan da ke firgita mana awaki ba?" Na ce ni ne, Iya. Ta ce ai yayan nata damina biyu ke nan ba ya nan. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya tafi, 'yarsa Rakiya da ke aure a Maigatari ta zo ta ɗauke shi har da akwatinsa. Na tambayi takardun. Ta ce, "Takardun asirin? Suna can. Ai sun yi wa mutane amfani, Allah ya saka masa." Ni da wautata sai na ji daɗi, na ɗauka wasu ne can suka samu suna kaɗawa. Ta dama mini fura da nono mai tsami, na kwana a zaure tare da sauro da wani ɗan maraƙi da aka ɗaure a ciki saboda ruwa.

Washegari na kama hanyar iyaka. Ma'aikacin da ya duba katina ya ce in fito da abin da ke aljihuna. Ya juya bakin Bijimi, ya leƙa ta nan ya leƙa ta can, ya ce, "Baba, wannan na bindiga ne ko na shan taba?" Na ce na busa ne. Ya ce to in busa ya ji. Bakin ƙaho in ba ƙahon, ƙarar da yake yi ba ta shiga taron mutunci, kun gane irin wadda nake nufi. Na busa, rumfar duk ta kwashe da dariya. Sai wani babbansu mai furfura ya ɗago kai ya ce, "Tsaya. Kana cikin mutanen tsohon nan mai sanda na Magarya? Ina ƙarami babana ya ɗora ni a wuya na gan ku. Yana da rai?" Na ce wurinsa za ni. Ya miƙo mini katina da hannu biyu ya ce in gaishe shi. A duk tafiyar shi kaɗai na samu wanda ya tuna da kiɗan kansa.

Ƙetaren iyaka Hausa ɗaya ce, salla ɗaya ce, amma sai ka ji kanka baƙo. Kabu-kabu ya koma acaɓa, inda muke jefa Faransanci su Ingilishi suke jefawa, kuma komai nasu da sauri da ƙara. Na tsaya wurin mai shayi, ya dire mini wani ƙaton kofi cike da madara, da burodi mai laushi mai zaƙi wanda in ka matse shi sai ya koma loma ɗaya. Na tambayi ɗan shayinmu mai ɗaci na ƙaramin kofi. Ya ce, "Baba, ashe mutumin Faranshi ne." Na ce Magarya dai, ga ta nan, kakanka ma ƙila can aka haife shi.

Mijin Rakiya, Alhaji Sale, dillalin shanu ne, duk wanda ka tambaya a kara, kasuwar shanu, zai nuna maka gidansa. Mutumin kirki ne, ina so ku riƙe wannan kafin ku ji sauran. Ya sauke ni a ɗakin baƙinsa mai fanka, aka yanka mini zakara, aka tuƙa tuwon shinkafa. Surukinsa kuma ba abin da ya rasa, ga ɗaki mai tsabta, ga magani kan lokaci, shi Alhajin da kansa yake yi masa wanka. Rakiya ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu Usaini, sai yau?" Na ce ta kai ni wurinsa.

Na tarar da Shef a kan tabarma ƙarƙashin dogon-yaro a tsakar gida, an jingina shi da matashi. Mutumin da in ya shigo mu arba'in muke miƙewa ya koma ɗan tsurut. Na durƙusa na ce, "Shef, ni ne." Ya dube ni da bakinsa a karkace, ya ɗaga yatsa ɗaya na hagu ya kaɗa mini, irin kaɗawar da yake yi in na shigo kafin lokaci. Ya gane ni. Sai dai wannan karon makara na yi.

Na roƙi Rakiya ta kawo akwatin. Na buɗe, ga tsohon kakinsa, ga sandar a naɗe cikin tsumma, ga baƙin bango bakwai a jere. Na ɗaga na farko na ji shi sakayau. Na buɗe, ba ko shafi ɗaya. Haka na biyu, haka har na bakwai, sai 'yan guntayen takarda a jikin zaren ɗinki.

Alhaji Sale ya gyara zama, fuskarsa a sake. "Baba, ai ba mu bar su sun ruɓe a akwati ba." Ya ce tun ranar ɗauko shi Iya Haule ta gaya musu takardun nan asiri ne, duk ƙasar Bande ta sani. In ba asiri ba, ta yaya mutum ɗaya zai ɗaga sanda ƙarti arba'in su yi tsit ba tare da ya ce uffan ba? Wata rana wani mai koren shanunsa, wanda kullum shanu ke watse masa a hanya, ya ga shafi ɗaya. Ya ga layuka biyar a miƙe, ga baƙaƙen ɗigo masu jela suna bin layin ba mai ratsewa. Ya ce wannan ai burtali ne da shanu. Ya roƙa aka yaga masa, baduku ya ɗinke masa laya, ya ɗaura a damtse. A wannan tafiyar ko saniya ɗaya ba ta ɓalle masa ba. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya cika kara. Makiyaya suka zo, masu kore suka zo, har direbobin manyan motocin da ke kai shanu Kurmi. Da takardun suka fara ƙarewa, sai aka riƙa raba shafi gida huɗu.

"Ban karɓi komai hannun kowa ba, Baba," in ji shi. "Sadaka na yi, ko Allah zai ba shi lafiya."

Na ce, "A gabansa kuka yi?"

"A gabansa mana, ai ba ma yi a ɓoye ba. Duk wanda za a ba sai na kawo shi ya durƙusa ya yi godiya. Tsoho ya yi ta ɗaga hannu haka, yana son magana, har hawaye yake yi, yana sa musu albarka."

Ya gwada mini yadda yake ɗaga hannun. Shekara goma sha biyu na yi ina kallon hannun Shef Mati, na san wannan ɗagawar. Ita yake yi in yana son a tsaya. Na waiwaya na dube shi, ya riga ya rufe ido.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na rasa wanda zan yi wa. Mutumin da ke ɗaukar tsohon ya kai shi bayan gida? Matar da ke ba shi kunu a baki? Ni da na iya karanta takardun ina can Magarya ina gadin sunana na Alhaji. Na ce, "Allah ya karɓi sadaka." Alhaji Sale ya ce amin da zuciya ɗaya. Sai daga baya, da na zauna na gaya masa abin da ke cikin takardun, ya ce gobe kasuwa, mu je ko za a samu saura.

Mun wuni a kara cikin taɓo da kashin shanu. Mun samu masu layar sun fi goma, ba wanda ya yarda. Kowa maganarsa ɗaya, laya in an buɗe ta ta karye. Wani ma ya dafe damtsensa ya ja da baya kamar zan fizge. Daga ƙarshe wani dattijon Bafulatani ya yarda saboda girman Alhaji. Baduku ya farke fatar, ya zaro 'yar takarda ba ta kai tafin hannu ba. Gumi ya shiga ya narkar da tawadar. Na kai ta har hancina a cikin rana, na ga ɗigo huɗu, ba suna, ba alamar ko na goge ne ko na sarewa. Na mayar masa aka sake ɗinkewa. Sauran suna Kurmi, suna daji, suna duk inda saniya ke zuwa.

Da la'asar na koma wurin Shef. Na kwance sandar daga tsumma na sa masa a hannun hagu, da can da dama yake riƙewa. Ya jujjuya ta, ya gyara riƙo, sai na ga kafaɗarsa ta miƙe. Ya buga ta sau biyu a bakin kwanon shan da ke gefensa. Haka yake yi in za mu fara. Na zaro bakin Bijimi.

Ya ɗaga sanda, ya dubi can baya inda Lawali ke tsayawa da ganga, ya saukar. Daga saukarwar na gane Saukar Damina ce, na fara ƙirge. Ya juya hagu wajen masu goge yana lallaɓa su a hankali, wurin kuwa turmi ne da kaji. Ya ɗaga wa mai algaita gira, mutumin da muka binne tun ba yau ba. Yana jin su duka, na gani a fuskarsa. Ni ba na jin komai sai injin markaɗen maƙwabta. Na yi iya ƙoƙarina in tuno abin da gogen ke faɗa a wurin, ko layi ɗaya in kai wa malamin Damagaram, ban samu ba. Shekara goma sha biyu ina zaune a tsakiyar kiɗan nan, ashe ban taɓa saurarensa ba, ƙirgena kawai nake yi ina ɗokin lokacina.

Talatin, talatin da ɗaya. Cikina na cewa shiga, na danne. Talatin da biyu, sandar ta nuno ni, na busa. Ƙarar nan ce dai ta bakin iyaka. Rakiya da ke tankaɗe ta toshe baki da gyale, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Shef ya gyaɗa kai sau ɗaya. Tunda nake da shi bai taɓa gyaɗa mini kai ba. Ya ci gaba har ƙarshe, ya rufe kiɗan, ya aje hannu a cinya bai saki sandar ba. Na matsa kusa na ce, "Shef, ka yafe mini." Idonsa a rufe yake, ban san ko ya ji ba. Da safe da zan taho sandar na hannunsa, Rakiya ta ce ya hana a karɓa, na ce a bar masa.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, mota ba ta kafe ba, ba wanda ya yi mini dariya. A tashar Dungas na kira malamin Damagaram na ce kada ya tara yara. Da na sauka Magarya ban shiga gidana ba, gidan Lawali na wuce. Ya ji takuna ya ce, "Gaggawa, ka kawo?" Na sa masa baƙin bango ɗaya a hannu, shi kaɗai na ɗauko. Ya buɗe, ya shafa ciki, ya shafa zaren, ya rufe. Na ba shi labari bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Miƙo mini tasar can."

Ya kife ta a cinya, ya yi bugu huɗun nan na tsawa da ake buɗe Saukar Damina da su. Daga nan kuma sai jira, shi ma nasa kawai ya sani. Muka zauna muna ƙirge a zuci, wurin da goge da sarewa za su ɗauki waƙar ba kowa. Matarsa ta fito da ruwa, ta ga tsofaffi biyu sun yi shiru suna kaɗa kai, ta koma da sanɗa tana cewa gyangyaɗi ya kwashe su. Da ƙirgen ya cika muka shigo tare, ni da bakin Bijimi, shi da tasarsa, daidai kan lokaci. Ba mai ɗaga mana sanda, ba kuma wanda zai ce mun yi daidai.